Shirun Ɓangaren Hagu

Duk wanda ya san Kefas a Samaru ya san shi da hedifon rataye a wuya, ko cefane zai je. Malamin firamare ne, amma zuciyarsa tana wajen sauti. Hedifon goma sha ɗaya gare shi, jere a kan ƙusoshi a bangon falo, yawancinsu 'yan gwanjo da ya gyara da hannunsa. Matarsa Rhoda takan ce ya fi goge su a kan takalminsa, kuma gaskiya ta faɗa. Shi ke naɗar waƙoƙin mawaƙan cocinsu, ya dawo gida ya zauna gaban laftof yana tacewa. In murya ɗaya ta kauce cikin mutum arba'in, zai gaya maka ko ta wace ce, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Abu ɗaya ne ba ya son a taɓo. Babansa ya yi shekara ashirin gaban inji a wata masana'anta a Chikaji, ya fito ba ya ji. Kefas yana tuna yadda tsohon ke zama cikin mutane yana murmushi, yana gyaɗa kai ga maganar da ba ta iso shi ba. Ba abin da Kefas ke tsoro a duniya kamar wannan murmushin.

Wata Asabar da safe ya kunna waƙar da ya naɗa, sai ya ji ɓangaren hagu ya dusashe, kamar ana rerawa a bayan ƙofa. Ya ce waya ce ta karye. Ya ciro hedifon na biyu, haka. Na uku, haka. Ya duba ma'aunin dama da hagu a laftof, yana tsakiya cif. Ya goge ramin da ake soka waya da tsinken auduga, ya kashe ya kunna, ya sauke manhajar sauti ya sake ɗorawa. Kafin azahar duka goma sha ɗayan suna zube a kan kujera, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga.

Akwai gwaji ɗaya da ya rage, wanda shi da kansa yake fara koya wa duk mai kawo masa kuka: ka juya hedifon, na dama ya koma hagu. In shirun ya koma dama, laifin kaya ne. In ya tsaya inda yake, to ba kaya ba ne. Sau biyu ya kai hannu zai juya, sai ya janye. Maimakon haka sai ya cusa laftof a jaka, ya hau mota zuwa Sabon Gari, yana ta zagin na'urar da ba ta yi masa komai ba.

Tunde mai gyaran kwamfuta ya daɗe da saninsa. Ya sa hedifon ya saurara, ya ɗan jima, ya cire.

"Oga Kefas, lafiyarta ƙalau fa. Duka biyun suna yi."

"Sake ji dai. Hayaniyar kasuwa ce ta ruɗe ka."

"Wallahi suna yi. To kai ka juya shi kuwa?"

Kefas ya kau da kai. Tunde bai san abin da yake taɓowa ba, ya miƙe yana dariya, ya juya hedifon ya kifa masa a kai. Muryoyi arba'in suka cika kunnen dama. A hagu kuwa ƙofar nan tana rufe yadda take. Kefas ya dafa tebur. Tunde yana wata magana ta gefen hagu, sai Kefas ya ji kansa yana gyaɗa kai yana murmushi, abin ya ƙara firgita shi.

Da ya koma gida ya iske Rhoda tana tsintar wake a baranda. Ya zauna kusa da ita, jaka a cinya, ya rasa ta inda zai fara. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba ta ɗauki kujerarta da tire, ta zagayo ta zauna ta damansa.

Ya bi kujerar da ido.

"Tun yaushe kike yin haka?"

Hannunta ya tsaya cikin wake. "Tun Ista, Baban Lovelyn. A coci ma na canza wuri. Na kasa gaya maka ne." Hawaye suka zubo mata. "Litinin mu je asibiti, don Allah. Wannan kunnen da ya rage nake ji wa tsoro."

Kefas ya zare hedifon daga wuyansa, ya ajiye mata a cinya, ya juyo mata da kunnen dama.

"Sake faɗa," ya ce. "A hankali, yadda kika saba."