Hannun Hagun Kututture

A gidanmu na Ƙofar Wambai, Iya ba ta yarda a kashe murhu don an sauke tuwo. Sai ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta jawo 'yar kujerarta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni take kira maigida, don ni ne babba a jikoki maza, amma wallahi wannan sarauta ba ta taɓa sa ta ƙara mini ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba.

Maigidan na gaskiya, kakanmu Baba Audu, yana can kan buzu a ƙofar ɗakinsa da rediyo manne a kunne. Mahauci ne kamar ubansa, kuma a ƙuruciyarsa ɗan dambe ne da ake kira Kututture. Ni ban ga zamanin ba. Abin da na gani shi ne hannunsa na dama, wanda yatsunsa suka ƙi miƙewa saboda daɗewar da suka yi a ɗaure cikin zare, da kuma yadda kafaɗarsa ke rawa da kanta in aka buga kalangu a gidan biki, ko da kuwa yana tsakiyar alwala.

Wata shekara, bayan an girbe gero, mahautan gari suka shirya dambe. Sarkin Pawa ya aiko wa Baba da goro, ya zo ya zauna cikin tsofaffin 'yan wasa. Baba ya yi murna, har ya sa aka kai babbar rigarsa wajen mai guga. Ana cikin haka sai aka yi wani shiri a rediyo, mutane suka zauna suna jero manyan 'yan damben da aka taɓa yi: wane ya fi wane, wane ya karya haƙarƙarin wane. Baba ya ƙara murya. Suka ambaci na Sakkwato, suka ambaci na Kano, suka ambaci waɗanda shi da hannunsa ya kayar. Har aka rufe shirin ba wanda ya ce Kututture.

Ya kashe rediyon, ya mayar da rigar cikin akwati.

"In je in zauna a matsayin wa?" ya ce da babanmu. "Ɗan kallo?"

Tun daga ranar ya rage cin abinci. Ya daina tsokanata, ni da kullum yake cewa in fito mu gwada in na isa in ƙwace masa mata. Gidan ya yi shiru irin wanda ba na so, kuma na ji tausayinsa ƙwarai.

Ana gobe wasan, bayan sallar isha'i, Iya ta juya kujerarta yadda muryarta za ta kai ƙofar ɗakinsa.

"Ga ta nan, yau da ƙafarta ta taso daga Zungur," in ji ta.

Muka ce ta ƙaraso mu ji ta.

Ta ce an yi wani mahauci mai hannun dama kamar dutsen niƙa. Duk garin da aka share fage bayan girbi sai ya je, kuma duk wanda ya tsaya gabansa sai ya kashe shi. Ƙanwata ta zaro ido. Iya ta ce ta kwantar da hankalinta, a dambe in gwiwarka ko tafinka ya taɓa ƙasa, to an kashe ka ke nan, ko da za ka tashi ka ci tuwo malmala uku.

Amma mahaucin nan yana da wani aibi. Ɗan dambe da hannu biyu yake shiga fage: na dama a ɗaure, shi ne mashi, na hagu a buɗe, shi ne garkuwa. Shi kuwa da ya saki mashi ya ga idon mutum ya juye, sai hagun ta riga mutumin zuwa ƙasa. Ta tallabo ƙeyarsa, ta kwantar da shi a hankali yadda ake kwantar da jariri. 'Yan kallo suka ƙi jinin wannan hali, don su ƙarar faɗuwa suka zo ji. Makaɗinsa ma har gida ya biyo shi da ƙorafi, wai yana ɓata masa kiɗa, ya ɗaga gula zai buga daidai faɗuwa sai ya ji shiru.

"Me ya ce wa makaɗin?" na tambaya.

"Cewa ya yi, mutumin nan gobe yana da saniyar da zai feɗe, da wane kai zai feɗe ta?"

Daga can kan buzu muka ji an yi gyaran murya. Iya ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta ce shekaru suka tura, gashi ya fara fari. Rannan a wani fage sai ga wani saurayi siriri, ba wanda ya san shi, ya nemi mahaucin. Turmin farko, wato zagayen farko, aka tashi ba kisa. A na biyu, kafin mahauci ya gama gyara tsayuwa, yaro ya sauke masa mashi a ƙasan kunne.

"Santsi ne," in ji Baba daga cikin duhu.

"Maigida," Iya ta ce da ni, "tambayi mai rediyon can, wane ruwa ake yi bayan an kai gero rumbu?"

"An zubar da kunu a wurin," in ji Baba.

"To, kunun ne ya kumbura maka kunne har ka kwana biyu ba ka sa hula ba?"

Muka kwashe da dariya, har ƙanwata ta shaƙe da gyaɗa. Iya ta jira muka lafa, sannan ta rage murya. Ta ce mahaucin ya faɗi, faɗuwa ta gaskiya, ba ta da wani suna. Amma ya dawo gida ba ko ƙura a ƙeyarsa. Ita ta duba da idonta, don ita ta gasa masa kunnen da ruwan zafi. Yaron ne ya tare shi da hagu, ya kwantar da shi. Ashe uban yaron yana cikin waɗanda mahaucin ya taɓa kwantarwa haka.

Iya ta tone sauran gyaɗar, ta ce tatsuniya ta koma Zungur inda ta fito, kowa ya tashi. Tana kakkaɓe zani ta ƙara da cewa, ba tare da ta dubi kowa ba, "Masu rediyo kunne gare su, abin da ya yi ƙara shi suka sani. Wanda ke son ya ji ko yana nan ko ba ya nan, ya je fage ya ji da kansa."

Washegari da la'asar Baba ya fito cikin babbar riga, ya ce in ɗauko masa buzu. Wai ba don maganar tsohuwa zai je ba, don kada a ce ya raina goron Sarkin Pawa ne.

Fagen ya cika maƙil. Aka zaunar da tsofaffi a gaba, aka yi musu sannu da zuwa a dunƙule, ba a kira sunan kowa ba. Na ga fuskar Baba ta ƙara ɗaurewa. Aka yi wasa biyu ko uku, sannan wasu samari majiya ƙarfi suka shiga. Ɗaya ya saki hannu, ɗayan ya tafi luu zai faɗi ta baya, sai wanda ya buge shi ya yi wuf ya tallabo ƙeyarsa da hagu, ya ajiye shi.

Wani matashi da ke tsugune kusa da mu ya daki cinyarsa ya ce, "Kai, ya yi masa kututture."

Baba ya juyo a hankali. "Yaro, me ka ce?"

"Kututture, Baba. Haka ake cewa in ka kashe mutum ka tare masa kai kada ya bugi ƙasa. Sai wanda ya isa yake yin ta, don sai ka tabbata ka gama da shi."

"Wa ya fara ta?"

"Oho. Tun zamanin da ne, mu ma haka muka taso muka ji."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya matse mini gwiwa da wannan hannu nasa mai lanƙwasassun yatsu. Yana ta kallon fage, kafaɗarsa na rawa, hawaye na bin gemunsa, kuma dariya yake yi. A hanyar gida ya saya mini rake, ya ce in na ƙara kiran matarsa tawa sai ya yi mini kututture a gaban kowa.

Da dare ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Iya ta zuba masa, ta ce ita ta daɗe tana jin kalmar a bakin yaran lungu in suna damben wasa da tsumma a bayan katangarmu. Baba ya ce me ya hana ta faɗa masa. Ta ce da ta faɗa, cewa zai yi lallashi ne irin na mata.

Yau dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Ni kuma ina da shagon ɗinki a Wunti, inda yarana ke kallon dambe a waya suna musun wanda ya fi kowa, wani lokaci har allura ta tsaya. Sukan ce, "Oga, kai jikan ɗan dambe ne, raba mana gardama." Ni ban iya wannan jeri ba, kuma ba zan ce kakana ya fi kowa ba, don an kashe shi, kuma ba kunu ba ne. Da ina yaro na ɗauka Iya ta ba da labarin ne don tsoho ya ci tuwo. Sai da na girma na gane ita ma hukunci ta yanke, irin nata: ba ta ƙirga waɗanda ya kayar ba, ta duba yadda suka tashi ne.

Kwanan baya ƙaramin yaron shagona ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Oga, dubi wannan, ya yi masa kututture." Na karɓa na kalla har ƙarshe. Na ce ya mayar baya in sake gani.