Majalisar Damina da Majalisar Rani

Mahaifinmu ya taɓa mallakar ƙasa sukutum a Jajaye, ya raɗa mata suna Ƙasar Bayan Rumbu. Iyakarta daga zauren gidanmu zuwa tsamiyar da ke ƙarshen gonarsa. Ya ƙirƙiro ta ne muna yara, lokacin ɓarar gyaɗar iri, don ya gaji da raba mu faɗa.

Ƙasar ba ta da sarki, majalisa biyu gare ta. Majalisar Damina ta waɗanda suka zauna gida suka yi noma ce, mace ko namiji, kuma ba a yaƙin neman zaɓe: ka nuna kantar fartanya a tafin hannunka, kujera ta zama taka. Majalisar Rani kuwa ta masu tafiya ci-rani ce, su ma suna da bakin magana in sun dawo. Bayan girbi ake zaɓen Kakaki, kullum Baba ke ci, sai shekarar da Inna ta kayar da shi saboda ta yi alkawarin dambu. Ya yi kwana biyu yana cewa an yi maguɗi.

Ƙuri'a iri biyu ce. Gyaɗa na nufin a bar abu yadda yake, tsakuwa na nufin a sauya. Ƙwarya ɗaya majalisun biyu ke jefawa, a rufe da faifai, kowa ya cusa hannu ba mai ganin abin da ya saki. Mafi yawa shi ya ci. Kakaki kuwa ba ya jefa ƙuri'a, nasa ƙirga ne kawai. Baba da kansa ya kafa wannan doka, a zamanin da 'yan Damina suka cika tsakar gida, 'yan Rani kuwa Yaya, babban wanmu, ne kaɗai.

To, duniya rawar 'yan mata. Inna ta rasu. Samarin gidan suka bi Yaya Kano ɗaya bayan ɗaya, ci-ranin ya zama zama, suka yi aure can. Idon Baba ya fara hazo, ya zo ya rufe ruf. Majalisar Damina ta koma ni, da nake aure a maƙwabta, da Gwaggo ƙanwarsa, wadda ita ma sai da sanda.

Duk da haka Baba ya san gidansa kamar yunwar cikinsa. Da ƙafa yake gane hanyar masallaci. Yakan damƙi ƙasar gona ya murza ya ce, "Gobe a yi shuka." Sau ɗaya tak ya yi tuntuɓe kusa da rijiya ya kurje gwiwa, wani ɗan kanzagi ya buga wa Yaya waya.

Da babbar sallah su Yaya suka iso mota biyu. Ko naman ba mu gama suya ba Yaya ya ce, "Baba, da mu za ka koma. Akwai ɗaki, akwai asibiti kusa."

Na ce, "Yaya, wane irin ɗaki? Mutumin da bai taɓa kwana uku a wajen garin nan ba? Ni na mutu ne da ba zan kula da shi ba?"

Ya ce, "Ke dai ba ki rabo da tsiwa. In ya faɗa rijiya fa?"

Wallahi raina ya ɓaci. Mutum ya zo sau biyu a shekara da farar shadda, shi zai gaya mini inda rijiyar gidanmu take! Muka yi ta sa-in-sa har Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku ɗauko ƙwarya," in ji shi. "A kira majalisa."

Matan yayyena suka yi dariya, su a wurinsu wasa ne. Ni kuwa na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Baba, don Allah ka bari. Ka san sun fi mu yawa. Ka ce ba za ka ba, magana ta ƙare."

Ya ce, "Uwata," don haka yake kirana, "da muke da yawa mun sha kayar da yayanki, bai taɓa kifar da ƙwaryar ba. Yau ni zan kifar?"

Aka jefa. Ya janye faifan ya zuba a cinyarsa, yana lalube da yatsu, yana ware tsakuwa gefe. Sun yi tuli. Gyaɗa biyu ce kacal, tawa da ta Gwaggo. Ya sake shafa rigarsa a hankali ko wata ta maƙale a ninki. Ba ta maƙale ba. Har masu dariyar suka sunkuyar da kai.

"Tsakuwa ta ci," ya ce. Ya zura gyaɗar biyu a aljihu.

Na yi kuka ranar kamar wadda aka yi wa mutuwa, kuma na yi fushi da shi, na yi fushi da dokarsa, na yi fushi da Kanon gaba ɗaya.

Ban ce Yaya bai kula da shi ba, Allah na gani. Katifa sabuwa, fanka, magani a kan lokaci. Amma da na je duba shi farkon damina na same shi zaune a bakin gado, ƙafafunsa ba su san ko'ina ba, sai an ja shi zuwa banɗaki. Ya rame. Ya tambaye ni ko ruwa ya sauka a Jajaye, na ce ya sauka, har an yi shuka. Ya ciro gyaɗar nan biyu ya ce in kai shi tsakar gida ya binne su, ko ba komai ya ji tsironsu da hannu.

Na riƙe shi muka zaga gidan, yana dangwala sanda. Ko'ina ƙwas, ƙwas. Siminti ne har bakin ƙofa.

Ya mayar da su aljihu ya ce, "Mu koma ciki, Uwata."

Bai kai kaka ba. Da aka kawo mini kayansa a buhu, na same su a aljihun rigar, sun bushe ƙamas. Na shuka su a bayan rumbu da damina ta zagayo, ina zuwa dubawa kullum da safe. Ba su fito ba.