Katun ɗin da Na Yi wa Yayana Dariya a Kansa

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ƙarami ba. Na wulaƙanta yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, a gaban mutane, saboda wani fim ɗin zane na ƙasar Koriya wanda a lokacin ban taɓa zama na kalla ba.

Ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, wani lokaci in leƙa Zurmi. Karatuna bai wuce firamare ba. Yayana kuwa manomi ne, a wani ƙauye kusa da Kurya Madaro, inda aka haife mu. Shekarar da 'yan bindiga suka hana su shiga gona, ya kai iyalinsa Dauran wurin surukansa, shi kuma ya zo ya zauna a gidana a Kaura. Na saya masa waya don ya rage kaɗaici. Ya kai ta wurin mai tura fina-finai a kasuwa a saka masa karatu da wa'azi, shi kuma mai shagon ya ƙara masa wannan fim a matsayin gyara. Daga baya mai shagon ya gaya mini na Koriya ne, kuma babu mai tambayarsa, don ba a fassara shi da Hausa ba, babu faɗa a ciki, babu waƙa.

Yayana ya kamu da shi. Ba ya jin harshensu, ba ya karanta Turancin da ke gudu a ƙasa, amma kullum bayan la'asar yana ƙofar gida, waya a tafin hannu. Abin ya riƙa ba ni kunya. Mutum mai furfura a gemu yana kallon katun na yara.

Wata rana abokan aikina na tasha suka biyo ni gida shan shayi. Na tarar da yayana a kan tabarma, na fizge wayar na ɗaga.

"Ku zo ku ga abin da dattijonmu ka kallo," na ce. "Tsararrakinai na can suna neman aikin lebura, shi yana nan yana renon 'yar tsana."

Aka fashe da dariya. Wani ɗan kamasho ya ce, "Baba, in an gama a sayo maka alewa?"

Yayana ya dube ni. Ya ce, "Ka gama?" Ya naɗe tabarmarsa ya shiga ciki. Washegari da na dawo daga aiki, matata ta ce ya tafi Dauran, ya bar wayar a kan taga. Na yi wata biyu ina aika gaisuwa ta hannun direbobi, ba amsa. Iyayenmu sun rasu, shi kaɗai ya rage mini, kuma na fara jin tsoron shi ke nan.

Ranar kasuwar Shinkafi ina jiran layin lodi, da hantsi, na ciro wayar da niyyar share abin da ke ciki in ba matata. Na ce bari in ga minti biyu na abin da ya raba ni da ɗan'uwana. Layina ya zo ya wuce ban sani ba.

Labarin wasu mutane ne da yaƙi ya kora daga duniyarsu, suka sauka a wata duniyar mai jar ƙasa, suna zaune cikin gawar kumbon da ya kawo su. Wata na'ura ke ba su abinci, kuma ta kusa mutuwa. Akwai wata tsohuwa mai riƙe da ɗan irin shuka a cikin tulu, da wani mutum-mutumi na ƙarfe mai ɗingishi da ke bin ta.

Ban san ana iya zana sama haka ba. Fuskar wayar ba ta kai tafin hannuna ba, amma da aka nuna faɗin sararin nan, mutane ƙanana kamar tururuwa a gindinsa, sai da na yi tasbihi. Kuma ba sa gaggawa. Za su bar ka da ƙarar iska tana kaɗa wani sakakken ƙarfe, ba wanda ya ce uffan, har ka ji ƙishirwar wurin a maƙogwaronka.

Sai hadari ya haɗo, karo na farko tun zuwansu. Aka yi ruwa, mutane na tsalle suna kuka, suna jan tsohuwar ta ba da iri. Ita ko ba ta dubi sama ba. Ta aiki mutum-mutumin, ya durƙusa da ƙyar, ya tona ƙasa da hannu. Masu zanen suka nuna gefen ramin: sama baƙi da danshi, tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ƙasansa busasshe fayau. Tsohuwa ta girgiza kai ta rungume tulunta.

Haka babanmu yake yi. Haka yayana yake yi duk farkon damina, ya tona da hannu, in danshi bai kai tsawon tafin hannu ba ya ce ruwan yaudara ne, kada wanda ya taɓa iri. Ta yaya mutanen da ke can ƙarshen duniya, masu zane a kan tebur, suka san wannan layin da ke tsakanin jiƙaƙƙiya da busasshiya?

Wasu suka ƙwaci rabin irin suka shuka. Ya tsiro kore shar, rana ta ƙone shi cikin kwanaki. Ba a nuna su a matsayin miyagu ba, yunwa ce da ɗoki. Da ruwa na gaske ya zo, hannun ƙarfen ya nutse har wuyan hannu. Tsohuwa ta jefa ƙwaya a rami, ta rufe da diddige, ta ɗan danna. Ba a nuna girbi ba, a nan fim ɗin ya tsaya.

Na tuna ina ƙarami, yayana na gaba da sungumi yana sara, ni ina baya ina jefa gero ina rufewa da ƙafa. Damina biyu ke nan bai taka gonarsa ba. Gonar yake kallo a wayar nan, ni kuma na ɗaga ta sama don a yi dariya.

Ban ɗauki fasinja ba ranar. Na kama hanyar Dauran da mota wayam. Na same shi zaune kan tabarma a gindin bishiyar bedi, a ƙofar gidan surukansa, yana tufkar igiya. Na cire takalmi na durƙusa. Ya amsa sallamata bai ɗago ba.

"Yaya, na kalla," na ce.

"Mi ka kalla? Ai na yara na."

"Na ga inda yat tona ƙasa."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, "Wanda yaz zana wurin nan, ubanai manomi na. Ko kakanai." Ya ɗan matsa, ya bar mini gefen tabarma. Ban hau ba tukuna.

Na ce, "Yaya, na ci mutuncinka gaban baƙi, a gidan da ya kamata ka samu sutura. Na yi maka gori da rashin aiki, alhali ba kai ka bar gonarka da son rai ba. Ban san abin da kake kallo ba, kuma ban tambaye ka ba. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah, don darajar iyayenmu, ka yafe mini."