Malam Maiwada da Mai Kwaikwayonsa

Wanda ya fara cewa kishi kumallon mata ne, da alama bai taɓa zama inuwa ɗaya da Malam Maiwada ba. Mutum ne mai kirki, in ka shiga gidansa da yunwa ba za ka fito da ita ba. Amma ka kuskura ka yabi gonar maƙwabcinsa a gabansa, ka ga yadda fuska ke rikiɗa. Halin ba na tsufa ba ne. An ce ranar da aka yi wa ƙanensa kaciya aka yanka masa zakara, Maiwada ya yi ta birgima a tsakar gida, wai shi ma sai an sake yi masa.

A Tsamiyar Kabo aka haife shi, wani ɗan ƙauye tsakanin Toranke da Gafasa a ƙasar Ajingi. Ubansa manomin gero da gyaɗa ne. Lokacin da gwamnati ta buɗe firamare kyauta a ko'ina aka rasa masu koyarwa, sai aka kwashi samari irinsa aka kai kwalejin horon malamai. Ya dawo da keke sabo fil, da wata baƙar kwat da ya saya a kasuwar Gaya, wadda ko ana tsakiyar bazara ba ya rabuwa da ita. Aka ba shi makarantar ƙauyensu, azuzuwa huɗu, kwanon rufi yana ɗaukar ido, bencina suna ƙamshin fenti. A garin in aka ce Liman an san wanda ake nufi, in kuwa aka ce Malam kawai, ba a ƙara komai ba, to shi ne. Wannan suna ya fi masa kekensa da gonarsa daraja.

Kuma ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyi bai musa ba. Kafin ya shiga aji sai ya yi tari sau biyu a bakin ƙofa, ya maƙale alli a bayan kunne. Shi ya mayar da lissafin sau waƙa, yara na tafi suna amshi, har matan da ke surfe a bayan katanga suka haddace.

Shekaru suka yi ta wucewa, makaranta tana lalacewa a gabansa. Iska ta yaye rufin aji ɗaya, aka ce za a gyara. Gara ta cinye bencina. Malaman da ake turowa sukan zo su dubi wurin, su koma neman canji, shi kuwa bai taɓa baƙin cikin tafiyar ɗayansu ba, don garin bai isa Malam biyu ba. Da ya yi ritaya ya koma gona, aka bar yara da malami guda, mai zuwa ranar da babur ɗinsa ya ga damar tashi.

Bayan kakar bara sai ga Ja'afar, wani tsohon ɗalibinsa da ya karanta wasan kwaikwayo a Kano. Ya ce yana so ya yi wasa a kan tarihin makarantar, amma ba irin wanda aka saba ba. Babu dandamali, babu labule. A cikin makarantar za a yi, kuma 'yan kallo su ne ɗalibai. Malam Maiwada ya ji abin kamar an shafa masa zuma. Ya yi kwanaki yana ba shi labari, ya ba da aron kwat, ya ba da aron keken da ya daɗe a rataye. Bai tambayi wanda zai fito a Malam ba, don a ganinsa tambayar ma ba ta taso ba. Matarsa Indo ta sha jin sa a banɗaki yana gwada tarinsa na da.

Ran nan Ja'afar ya iso a cikin Adaidaita Sahu, ya fito tare da direban, wani ƙato mai furfura a gemu. Malam ya gane shi. Kolo ne, ɗan gidan Barebarin da suka yi kasuwancin kanwa a ƙauyen kafin su koma Gaya. Sau biyu ya maimaita aji uku, sannan ya gudu.

Ja'afar ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga wanda zai fito a matsayinka."

Malam ya ce, "Wa? Kolo? Wanda bai iya bakwai sau takwas ba?"

Kolo ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Har yau ban iya ba, Malam. Amma kai na iya ka. Shekarun da na yi a bencin baya, ba abin da na koya sai kai."

Ranar wasa garin ya fashe, har daga Toranke da Gafasa aka zo. Aka kaɗa guntun ƙarfen da ke rataye a bishiya, aka jera dattawa da mata da yara a layi, aka duba musu farce ana ta dariya. A aji na farko an yi sabon fenti, an zuba bencina, an raba alluna. Sai aka ji tari sau biyu a bakin ƙofa, Kolo ya shigo cikin baƙar kwat, alli a bayan kunne. Wuri ya kaure da sowa. Daga nan aka kora mutane aji na biyu, inda mutum biyar ke matse a benci guda. A na uku kowa ya zauna a ƙasa. Na huɗu ba rufi, rana na dukan kai, Kolo a matsayin Malam ya rankwafa, muryarsa ta dishe, yana raba guntun alli biyu don ya kai gobe. Nan dariya ta ƙare. Daga ƙarshe aka kai jama'a gindin tsamiya, aka jingina allo, aka ce su jira Malam. Suka yi ta jira. Bai zo ba. Da kansu suka gane ƙarshen ke nan, suka watse.

Wasa ya yi kyau, abin da ya ƙona ran Malam Maiwada ke nan. Da Kolo ya yi masa ba'a ne, da ya san yadda zai yi, sai ya kai ƙara gun dagaci. To ba ba'a ya yi ba. Ya fito da shi mai haƙuri, mai tausayi, mutumin da kowa ke so, kuma son bai zo gidan Maiwada ba, ya bi Adaidaita Sahu ya tafi Gaya.

Da yamma Indo ta ajiye masa tuwo tana share ido da gefen zani. Ta ce, "Malam, wallahi da ya shigo ajin farkon nan, sai na ga ranar da ka fara zuwa zance gidanmu. Har tafiyar."

Ya ture kwanon ya ce, "Kullum ina zaune a gabanki ba ki gan ni ba, sai a jikin ɗan Adaidaita?"

Aka kai wasan Gaya, aka yi shi a wata tsohuwar makaranta. Bayan nan Malam ya shiga garin ranar kasuwa sayen igiyar awaki. A tasha ya hangi Bashir, ɗalibinsa na farko-farko, wanda shi da kansa ya kama hannunsa ya koya masa riƙe fensir. Bashir ya wuce ta gabansa da "Sannu baba," ya nufi inda 'yan Adaidaita ke layi, ya kama hannun Kolo da hannu biyu yana cewa, "Malam! Ka sa ni kuka ran nan." Yara kuma na bin keken suna rera waƙar sau, waƙar da Maiwada ya ƙirƙira tun iyayensu ba su yi haƙori ba. Ya tsayar da su ya tambaye su ta wa ce. Suka ce ta Malam Kolo. Ya koma gida ba igiya.

Da aka sa ranar sake wasan a Tsamiyar Kabo, ya aika aka kira Ja'afar. Ya ce ko shi ya fito a matsayin kansa, ko a dawo masa da kwat da keke da labarinsa. Ja'afar ya yi ta lallashi, da ya ga ba mafita ya yarda, ya ce, "Malam, ƙarshen wasan ne mai wuya. Dole Malam ya ƙi zuwa, ko me ya gani." Malam ya ce ya ji. Kolo kuwa ko gardama bai yi ba. Ya kawo kwat a wanke a goge, ya ce, "Ai daman taka ce, Malam." Ladabin nan ya fi zagi ciwo.

Ranar ta zo, Malam Maiwada ya tsaya a bakin ajin farko ya yi tarinsa. Wata tsohuwa ta raɗa wa ta kusa da ita, raɗar da kowa ya ji, cewa tarin bai fita ba, na Kolo ya fi. A ajin da ba rufi ya manta wasa ake, ya shiga koyar da rabawa tiryan-tiryan, har dattawa suka fara hamma. Da aka kai jama'a gindin tsamiya ya laɓe a bayan katanga kamar yadda aka tsara, yana leƙe ta wata tsaga.

Manya suka jira, suka gaji, suka fara tashi. Yaran garin kuwa ba su motsa ba. Su jiran malami ba wasa ba ne a wurinsu, abin da suke yi ke nan kowace safiya. Kolo yana zaune a gefe cikin rigarsa ta aiki. Sai suka kewaye shi suna cewa, "Malam, tunda wancan bai zo ba, kai ka yi mana." Kolo ya waiwaya hagu da dama, ya miƙe ya nufi allo.

Bai kai ba. Malam Maiwada ya fito daga bayan katanga da gudun da gwiwoyinsa suka manta, yana ihu, "Kai! Ajina ne! Sauka min daga gaban allo!" Ja'afar ya dafe kai, wasa ya rushe. Malam bai ko dube shi ba. Ya zaro alli daga bayan kunne, bai sallami yaran ba sai da aka kira azahar.

Tun daga ranar, kowace safiya yana gindin tsamiyar nan cikin baƙar kwat, ba albashi, ba wanda ya sa shi. Mutane na cewa Allah ya saka masa, tausayin yara ne ya dawo da shi. Indo dai ba ta yarda ba, don ta ga yadda yake miƙa wuya duk lokacin da aka ji ƙarar Adaidaita Sahu ta hanyar Gaya. Yaran dai sun amfana, waɗanda ba su san baƙi ba sun fara haɗa suna.

Kwanan baya, bayan an tashi, wata yarinya mai suna Naja'atu, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta tsaya ta taya shi ɗaukar allo. Ya ji daɗi, ya tambaye ta yadda suke ganin karatun. Ta dube shi da zuciya ɗaya ta ce, "Baba, wallahi yanzu ka fara iyawa. Saura kaɗan ka kai Malam Kolo."

Malam Maiwada ya juya ga allon, ya daɗe yana goge wurin da babu rubutu.