Rubutun Kaka a Bayan Takardar Alhazai

Da aka zo rabon kayan mahaifiyarmu a unguwar Nuzla, a ƙasan akwatin zannuwanta muka tarar da gwangwanin alewa cike da tsofaffin kuɗin takarda. Na kakarmu ne, wadda ta taso daga Kano a ƙafa ta zo aikin Hajji, ba ta koma ba. Duk ƙasar da ta ratsa sai ta adana kuɗinta: fam na gida, kuɗin Chadi da na Sudan, da irin takardar da ake ba alhazai a nan maimakon riyal na azurfa.

Yayana ya ce a kasuwar Balad akwai masu sayen irinsu. Na zura abayata na bi shi.

Mai shagon wani dattijon Balarabe ne. Da matsefata yake ɗaga su, kamar mai cirar ƙaya. Yawanci ya ture gefe. Da ya zo kan takardar alhazan sai ya gyara zama, ya juya bayanta, ya ja tsaki.

"Wa ya ɓata wannan da tawada?"

Ajami ne, hannun Kaka. Sunan jaririyarta ne da ta rasu suna sauka daga jirgin ruwan da ya tsallako da su daga Sudan, da ranar, da addu'a layi ɗaya. Ba ta da wata takardar da ta tabbata ba za ta yar ba sai wannan.

Dattijon ya ce yana da ruwan da zai wanke rubutun tas, kuma in an wanke, ita kaɗai ta fi sauran duka tsada.

"Halas, shi ke nan, wanke," in ji Yaya.

Na kifa tafina a kanta.

"Yaya, ka san sunan yarinyar?"

"Ke dai kin cika rigima. Gado ne fa, kashi biyu nawa ne."

"To kwashe gwangwanin har murfinsa. Wannan ce kashina."

"Ya Hajja," in ji dattijon, "a haka ba ta da wata daraja."

"Da ma ba kai aka rubuta wa ba, Baba."

Na ƙulle ta a bakin mayafina na fita. Ban taɓa juya wa Yaya baya yana magana ba sai ranar. Har na kai ƙofar Bab Makka ina ta istigfari, amma ban waiwaya ba.

Har yau bai tako gidana ba, ni kuma ban ba da haƙuri ba. Kowace Juma'a ina aika masa tuwo da miyar kuka. Kwanon wankakke yake dawowa.