Hancin Yaya

A shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da mutane ke tsayawa a ƙofar masallaci suna jajanta wa juna farashin masara kamar an yi rasuwa, ni abin da ya cika mini waya hotunan hanci ne. Na Larabawa, na Turawa, na Indiyawa, wani ta gaba, wani ta gefe. Da wani ya ɗauki wayar ya duba, cewa zai yi na samu taɓin hankali.

Dalili kuwa Yayana ne, ɗan farin Inna, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. Ƙauyenmu yana arewa da Bici, inda gona ke manne da gona, ba ka iya yin tari maƙwabci bai ji ba. Damina biyu kafin wannan shekara, Yaya yana ɗaura wa shanun huɗa karkiya da sassafe, ƙuda ya ciji ɗaya daga cikinsu. San ya kaɗa kai, ƙaho ya sami Yaya a tsakiyar fuska. A babur aka kai shi Bici, daga can aka wuce da shi wani asibitin kuɗi a Kano, aka yi masa tiyata. Mun yi ta godiya ga Allah da idanunsa suka tsira. Amma da kumburi ya saɓe, sai muka ga karan hancin ya lotsa, ya karkace hagu, ƙofa ɗaya ta toshe gaba ɗaya. Da baki yake numfashi, leɓɓansa kullum a tsage. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu, sai ya daina kiran salla don kansa, ba wanda ya hana shi, ya ce muryar tana fita kamar daga cikin tulu. Ya samo takunkumin fuska irin na lokacin korona ya riƙa sawa, ko gona za shi.

Likitan da ya yi aikin farko ya gaya mana gyara ya fi aikin farko wuya, in da hali mu nemi ƙasar waje. Hali kam babu, amma Yaya ya ce in ta kama a sayar da shanu da gonar bakin rafi, a sayar. Ni ne malamin makaranta a gidan, ni ke da ɗan Turanci da waya mai intanet, don haka nema ya faɗo kaina.

Sabis ba ya kamawa a cikin gida. Sai an tashi daga makaranta nake hawa rusasshiyar katangar bayan ajujuwa, ƙarƙashin ɗorawa, in zauna in yi ta bincike har la'asar.

Na shiga ne da zaton zan tarar da mutane irin Yaya, waɗanda mota ta buge ko wuta ta ƙona. Abin da na fara gani wata budurwa ce, hancinta lafiya lau, tana zaune tana dariya wani likita yana zana mata layi a kai da alƙalami. Sai aka nuno ta da filasta a fuska, idanu sun yi baƙi kamar an doke ta, tana ɗaga yatsu tana murna. Na mayar da bidiyon baya na sake kallo, don na ɗauka akwai abin da ban gane ba. Ashe babu. Hancin ne kawai bai yi mata ba.

Daga nan abin ya yi ta buɗewa. Asibitoci ne kamar rumfunan kasuwa, kowa na kiran ka. Za a ɗauko ka daga filin jirgi a mota mai sanyi, a sauke ka a otal, bayan an yanka ka a kai ka yawon buɗe ido a jirgin ruwa. Kuma ba hanci kaɗai ba. Ana dasa wa mai sanƙo gashi layi-layi kamar dashen albasa. Ana goge haƙoran mutum masu lafiya a manna masa wasu. Ana zura ƙarfe a cikin mutum a zuƙe kitse, a mayar masa da shi a mazaunai. A makon da na kalli wannan, maƙwabciyarmu ta fara tankaɗe dusa tana tuƙa wa 'ya'yanta tuwo da ita. Na zauna a kan katangar nan na kasa sauka. Na san akwai masu kuɗi a duniya, ban san akwai waɗanda kitse ya yi wa yawa har suna hawa jirgi a je a rage musu ba.

Duk da haka na daure, tunda a cikin tallar tasu suna cewa sun ƙware a gyaran aikin da wani ya ɓata. Na zaɓi wani asibiti da ya fi kowa yawan hotunan kafin aiki da bayan aiki, na aika saƙo. Kafin in mayar da waya aljihu wata mata ta amsa, da Hausar na'ura: "Barka, ƙaunatacce, muna farin ciki da hancinka." Ta ce in turo hotuna, ta gaba, ta gefe, da ta ƙasa.

A bayan rumbu na ɗauki hotunan, inda ba mai wucewa. Yaya ya cire takunkumi ya ɗaga kai sama don in ɗauki ƙofofin hancin. Tun da abin ya faru ban taɓa duban wurin sosai ba, kullum ina kawar da ido don kada ya ji nauyi. Ƙofar hagu ta manne kamar an ɗinke bakin buhu, naman wurin ya yi fari ya tattare. Na yi ta ɗauka, hoto ya ƙi fita.

"Ka yi sauri, Malam," in ji shi. Haka yake kirana tun da na fara koyarwa. "Wuyana ya gaji."

Na haɗa da wani tsohon hoto na ranar ɗaurin aurena, inda yake tsaye da shuɗiyar babbar riga, da hancinsa na da, mai faɗi, irin na Baba, irin wanda ni ma nake da shi. Na rubuta wa matar cewa wannan muke so a dawo mana da shi, ya kuma samu ya yi numfashi.

Washegari ta turo hoton da suka haɗa a kwamfuta, wai yadda zai koma bayan aiki. Sai da na duba hular da ke kansa na tabbatar Yaya ne. Hanci siriri, dogo, kansa ya ɗan kalli sama. Sun rage masa leɓe, sun haska fatar. A ƙasa ta rubuta cewa likita ya duba tsohon hoton, shi ma wancan hancin yana da matsala, za a yi masa wanda ya fi. In kuma za mu haɗa da gyaran leɓe da fatar ido, akwai rangwame.

Na sake rubuta mata a hankali, na ce ba ta fahimce ni ba, tsohon muke so.

Ta ce, "Ƙaunatacce, babu mai zuwa nan ya nemi irin wannan hancin."

Na shafa nawa hancin. Tun da nake, ba a taɓa gaya mini cuta nake ɗauke da ita a fuska ba.

Da yamma na nuna hoton a tsakar gida. Inna tana ɓarar gyaɗa a tabarma, matar Yaya tana kusa da murhu. Inna ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta.

"Wane Balarabe ne wannan?"

"Yaya ne, Inna. Haka suka ce zai koma."

Inna ba ta kama sunan Yaya, ba ta ma cika duban sa kai tsaye ba, kunyar ɗan fari. Ranar sai da ta ɗaga kai ta dube shi, ta sake duban wayar, sannan ta miƙo mini.

"Ni dai ban haifi wannan ba," ta ce, ta ci gaba da ɓararta.

Yaya ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "In na dawo da wannan fuskar, ai yaran nan gudu za su yi." Matarsa ta tuntsire da dariya, dariyar ta zarce ta zama kuka, ta tashi ta shige ɗaki.

Ban daina nema ba. A cikin binciken na faɗa wani zaure na intanet inda waɗanda aka yi wa aiki ya ɓaci suke taruwa. Nan na ga abin da ba a sa wa a talla. Wata mata an yi mata sau da yawa har fatar kan hancin ta mutu ta yi baƙi. Wani saurayi ya ce ya bar aiki, ya bar fita, ya rufe duk madubin gidansu. Da yawansu da lafiyayyen hanci suka tafi. Na rubuta labarin Yaya da ɗan Turancina, wata dattijuwa ta amsa mini. Ta ce irin wannan gyaran sai an ciro guringuntsi daga haƙarƙari. Ta ce in tambayi masu asibitin wane likita ne zai riƙe wuƙar da hannunsa, kuma in ya dawo gida wurin ya ruɓe, wa zai duba shi.

Na tura wa matar asibitin waɗannan tambayoyi. Mai amsawa kafin ka kifta ido, sai ta yi shiru. Da ta dawo, ba ta taɓa ko ɗaya ba, sai cewa ta yi rangwame zai ƙare a ƙarshen mako, mu tura kuɗin kama gurbi. Lokacin kuwa dala kullum sai ta wayi gari ta hau. Daga nan na daina amsa mata.

Ana cikin yankan gero, wata rana bayan an tashi daga makaranta, na hau katanga ina duba saƙonni, sai talla ta faɗo mini kamar yadda suka saba tun da na fara binciken. Har zan wuce, sai na ga zanan da ya kewaye gidanmu a cikin hoton. Na ga gefen rumbunmu, har da tsohon kwandon da ke rataye a jiki. Yaya ne a hagu, kansa a ɗage, an ja baƙin layi a kan idanunsa. A dama kuma hoton nan na kwamfuta. A ƙasa an rubuta cewa majinyaci ne daga Afirka, an yi masa aiki cikin nasara, ya koma gida yana godiya ga likita. Mutane birjik sun yi sharhi, wasu na yabon likita, wasu sun sa fuskar dariya a kan hoton farko.

Salati kawai nake yi. Na sauko daga katangar na tsuguna. Na rubuta wa matar, na ce ƙarya ce, ku cire, mutumin nan ko Abuja bai taɓa zuwa ba. Saƙon ya shiga, ta karanta, daga nan ta toshe ni. Na kai ƙara ta inda ake kai ƙara a manhajar da tallar ta fito, ba abin da ya biyo baya. Sai a lokacin na tuna ɗimbin hotunan da suka sa na zaɓi asibitin, na shiga tunanin nawa ne a cikinsu aka ɗauka a bayan rumbun wani.

Daga nan gona na wuce. Na sami Yaya yana ɗaure dami. Na gaya masa komai, na nuna masa.

"Mutum nawa suka gani?"

"Ban sani ba, Yaya. Da yawa."

"Kuma wai na yi musu godiya?"

"Haka suka rubuta."

Ya janye takunkumin ƙasa ya ja iska da baki. Mutumin da ko 'ya'yan maƙwabta ba ya bari su ga fuskarsa. Ya dube ni, na zaci faɗa zai yi, ban ga laifinsa ba in ya yi.

"Allah ya isa," ya ce. "Kada Inna ta ji. Maganar waje kuma a bar ta."

Bayan an gama kaka muka nufi babban asibitin gwamnati a Kano, ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. Mun sha zirga-zirga da layi, ga kuɗin mota ya ninka, har sai da azumi ya wuce kafin a ba mu rana. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce zai buɗe hanyar iska, ya ɗan ɗaga karan hancin da guringuntsin haƙarƙari, amma hancinsa na da ba zai dawo ba, karkacewar ma ba duka za ta tafi ba. Yaya ya ce ya yarda. Sa ɗaya aka sayar, gonar ta tsira. Kowa ya ɗauka wanda ya soke shi zai kai kasuwa, sai ya kai ɗayan, ya ce mai laifin ya fi iya huɗa, zai haɗa shi da na maƙwabci.

An yi aikin lafiya, ko da yake ciwon haƙarƙarin ya fi damun sa a kan na hancin. Hancin ya ɗan tashi, har yau dai a karkace yake kaɗan. Tallar kuwa ban san ranar da aka cire ta ba, in ma an cire.

Ranar da muka koma aka duba shi karo na ƙarshe, aka ce wurin ya warke, mun sauka a Bici da rana tsaka muka hau babur ɗaya, shi a tsakiya ni a baya. Mun shiga wani ƙauye da ke kan hanya, sai ya dafa kafaɗar mai babur ya ce ya tsaya. Na firgita, na zaci jini ne ya ɓalle. Ya sauka ya tsaya a bakin hanya, bakinsa a rufe, yana jan iska.

"Daddawa ake yi a gidan nan," ya ce.

Warin kam ya cika wurin, mai babur har ya toshe hanci. Na ce, "To sai me, Yaya? Mu tafi mana."

"Malam, tun ranar da san nan ya soke ni ban ƙara jin ƙanshin komai ba. Ko wari. Abinci ma ci kawai nake yi."

Na tsaya ina kallon sa baki buɗe. Shekaru muna ci a kwano ɗaya, yana yaba miyar matarsa, ba wanda ya sani, har ita. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba.

"Abin da ke gabanku ma ya ishe ku," ya ce. Sannan ya juya ga mai babur. "Yi haƙuri, ɗan ba ni lokaci kaɗan."