Takalman da Aka Tono a Kan Dutse

Duk kasuwar garinmu babu wanda bai san Tsoho Pyo Man-sik mai awara ba. Ka je sayen yanka ɗaya, sai ka dawo da labarin yaƙin Koriya kaf, ga awararka ta huce. Yana ɗan saurayi aka ɗauke shi soja daga gonar ubansa. Da ya dawo ya yi aure, ya gaji tukunyar surukarsa, da ita ya aurar da 'ya'yansa duka. Kuma kada ka kuskura ka kushe yaƙin nan a gabansa.

"Da ba mu tare 'yan Koriya ta Arewa ba, da yanzu ciyawa kake ci," haka yake cewa, yana nuna ka da ludayi.

To ranar da aka ce sojoji masu tono ƙasusuwan waɗanda suka mutu a yaƙi za su hau dutsen bayan gari, ai tsoho kamar ya yi fiffike. Ya rufe rumfa, ya kafa hularsa mai lambar yabo, ya riga matasa hawa yana yi musu tsiya.

"Ku ne sojojin? Wallahi matata ta fi ku sauri, ita da ciwon gwiwa."

Abokinsa Gil-su yake nema. Shi ya binne shi da hannunsa a gindin wani falalen dutse, kuma shekara da shekaru burinsa a kai shi makabartar jarumai. Yana nuna wurin aka hau haƙa, yana tsaye yana ba da umarni, baki har kunne.

Sai ga ƙasusuwan mutum biyu a rami ɗaya.

Hafsan da ke jagorantar aikin, wani matashi mai suna Yeom, ya tsuguna ya duba ragowar takalmansu. "Kaka, wannan na dama takalmin Arewa ne a ƙafarsa. Makabartar abokan gaba za a kai shi. Na hagun ne namu."

"Kai, tsaya!" Tsoho ya fashe da dariya har da hawaye. "Na daman shi ne Gil-su. Nasa ne ya yage, ya cire na wata gawa ya saka. Ɓarawon takalmi ne tun muna yara. Duba haƙorinsa na gaba, ni na karya masa."

Aka duba, ga haƙori a karye. Sojoji suka yi ta murna, tsoho na dukan kafaɗunsu.

"To na hagun fa, Kaka?" in ji Yeom. "Takalmin namu ne. Ko shi ma ara ya yi?"

Dariyar ta ɗauke. Tsoho ya san shi sarai. Yaro ne ɗan Arewa, ko gemu bai fara ba, sanye da takalmin sojojinmu da ya tsinta, ya fito daga rami hannu a sama bayan an kashe Gil-su, kuma shi Pyo bai tsaya ya saurare shi ba, ya harbe shi. Ƙasa ta daskare don sanyi, ba ta haƙuwa, shi ya sa ya haɗa su rami ɗaya. Har yau ya yarda yaƙin nan gaskiya ne, amma ya rasa inda zai ajiye wannan yaron a cikin gaskiyar, abin kuma yana cin ransa.

Ya cire hula, ya daɗe yana kallon ramin.

"Ɗana, tun muna samari suke kwance tare, ba wanda ya ji faɗansu. Ka kai su tare. Shi ma namu ne."